Gaggawa Wajen Magani, Haƙuri Wajen Gwaji

A cikin watan Mayu na shekarar 2024 ne Gwamnan Jihar Kano, Alhaji Abba Kabir Yusuf, ya sa hannu a kan dokar da ta wajabta wa masu niyyar aure su yi gwajin lafiya kafin a ɗaura musu aure. Cikin abubuwan da dokar ta ce a bincika akwai cutar ƙanjamau, da ciwon hanta iri biyu, watau B da C, da tunjere, da kuma amosanin jini. Ba shakka wannan mataki ne mai kyau, kuma ya ƙara wa takardar gwajin jini daraja a idon jama'a, har ta kai yanzu waliyyai da limamai suna neman su gan ta da idonsu kafin a yi fatiha.

To, amma akwai wani abu game da wannan takarda wanda jama'a da yawa ba su sani ba, har da waɗanda suka yi ilmin zamani mai zurfi. Takardar da ta ce ba a ga komai a jinin mutum ba, tana ba da labarin halin da jinin yake ciki ne makonni kaɗan da suka wuce. Abin da ya sami mutum jiya, ko makon jiya, ba ta san da shi ba. Wannan batu ne muke so mu jawo hankalin masu karatu a kansa yau, domin rashin saninsa yana iya sa mai ɗauke da cuta ya koma gida da murna, ya kuma sa mai lafiya ya shafe shekara yana zullumi a banza.

Dalilin haka ba shi da wuyar fahimta. Manomin da ya shuka gero yau, in ya koma gona gobe bai ga tsiro ba, ba zai ce babu iri a cikin ƙasa ba. Haka ƙwayar cutar ƙanjamau take. In ta shiga jiki takan fara hayayyafa ne a wurin da ta shiga da kuma kaluluwar da ke kusa, sai bayan kamar kwana goma take yawaita a cikin jini har a iya ganinta. Shi kuma jiki yakan ɗauki waɗansu makonni kafin ya ƙera makaman kariya na musamman domin yaƙi da ita. Galibin gwaje-gwajen da ake yi a asibitocinmu waɗannan makaman kariya suke nema, domin samunsu shi ne shaidar cewa cutar ta shiga. Tsakanin ranar da ƙwayar ta shiga da ranar da gwaji zai iya gano ta akwai waɗansu kwanaki da za mu iya kira kwanakin ɓuya. Duk gwajin da aka yi a cikinsu zai iya nuna babu, alhali kuwa akwai.

Tsawon kwanakin ɓuya ya danganta ne da irin gwajin da aka yi. Bisa ga ƙididdigar Hukumar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka, gwajin da ke neman ƙwayar cutar ita kanta a cikin jini yana iya gano ta daga kwana 10 zuwa kwana 33 bayan ta shiga, sai dai yana da tsada, kuma ba kowane asibiti ne ke da na'urarsa ba. Gwaji na biyu, wanda ake ɗibar jini daga jijiya a kai ɗakin gwaje-gwaje, yana neman abu biyu a haɗe, watau wani ɓangare na jikin ƙwayar da kuma makaman kariya, shi kuwa yana gano cutar daga kwana 18 zuwa kwana 45. Na uku shi ne wanda kowa ya sani, wanda ake tsira allura a ɗan yatsa a ɗiga jini a kan 'yar takarda, a ba da sakamako cikin minti ashirin. Irin wanda ke neman makaman kariya kaɗai yana buƙatar kwana 23 zuwa kwana 90. Haka kuma gwajin da mutum kan yi wa kansa a gida ta hanyar goga ɗan tsinke a dasashi, shi ma sai an cika wata uku ake dogara da shi.

Waɗannan alƙaluma ci gaba ne babba in aka dubi inda aka fito. A 1981 aka fara ba da rahoton wannan cuta a Amurka. A 1983 masana a Cibiyar Pasteur da ke birnin Paris, ƙarƙashin Luc Montagnier da Françoise Barré-Sinoussi, suka gano ƙwayar da ke haddasa ta, sa'an nan a 1985 aka fito da gwajin jini na farko. Gwaje-gwajen wancan zamani ba su da kaifin na yanzu, shi ya sa likitoci suka riƙa cewa a jira wata shida. Wannan tsohuwar magana har yanzu tana yawo a bakin jama'a, ko da yake kayan gwajin yau sun rage zaman jiran zuwa wata uku, ko ma ƙasa da haka.

Kada fa wani ya ji mun ce gwaji sai an jira, ya ɗauka cewa wanda haɗari ya same shi sai ya naɗe hannu ya zauna a gida. A nan ne babban kuskuren yake. Akwai maganin gaggawa, wanda ma'aikatan asibiti ke kira PEP, da ake ba mutumin da ake tsoron ƙwayar ta shige shi, domin a kashe ta tun ba ta kafu ba. Sharaɗinsa shi ne a fara shansa cikin awa 72, watau kwana uku, kuma gwargwadon saurin farawa gwargwadon amfaninsa. Ana shansa kullum har kwana 28 ba tare da tsallake ko da rana ɗaya ba. Wani bincike da aka buga a 1997 a kan ma'aikatan asibiti waɗanda allura mai jinin majiyyaci ta soke su ya nuna cewa magani guda ɗaya tak, mai suna zidobudin, ya rage haɗarin kamuwa da wajen kashi 80 cikin 100. Yanzu kuwa magunguna uku ake haɗawa, waɗanda suka fi shi ƙarfi da sauƙin sha.

Ashe ke nan lokaci biyu ne a gaban wanda abin ya shafa, ɗaya na gaggawa, ɗaya na haƙuri. Abin takaici shi ne mutane sukan musanya su. A ɗauka wata ma'aikaciyar jinya ce allura ta soke ta ranar Juma'a da daddare tana bakin aiki. Washegari ta yi gwajin yatsa, aka ce ba a ga komai ba, hankalinta ya kwanta, ta ci gaba da harkokinta. Kafin ta sake tunawa da zancen kwana uku sun wuce, ƙofar magani ta rufe, ga shi kuwa gwajin da ta dogara da shi bai faɗi komai game da daren Juma'a ba. Amfanin gwajin ranar farko shi ne a san ko mutum yana da cutar tun da can, domin in yana da ita, wani tsarin magani ne dabam ya dace da shi. Wanda ya sha maganin gaggawa kuma lalle ne ya koma a sake gwada shi bayan makonni huɗu zuwa shida, sa'an nan a sake a wata na uku, domin maganin kansa yana iya jinkirta bayyanar alama a cikin jini.

Wannan magana ta shafi likitoci da ungozomomi da masu share ɗakunan asibiti da ɗaliban aikin jinya. Ta shafi wanda ya yi tarayya da wani a allura ɗaya. Ta shafi wanda ya sadu da wani ba tare da kariya ba, ya kuma wayi gari cikin shakka. Fiye da kowa kuma ta shafi 'yan mata da yara ƙanana da aka yi wa fyaɗe. Sau da yawa iyaye sukan ɓata kwanakin nan uku masu tsada wajen shawarar yadda za a rufa asiri, ko wajen kai ƙara da neman sulhu, a manta da asibiti sai bayan mako guda. Muna roƙon iyaye da masu unguwanni da 'yan sanda su gane cewa asibiti ne wurin zuwa na farko. Ƙara tana iya jira zuwa gobe, amma awa 72 ba ta jiran kowa.

Wani abin da ya ƙara wa kwanakin ɓuya haɗari shi ne, a cikinsu ne ƙwayar ta fi yawa a jinin mutum, saboda jiki bai riga ya shirya yaƙi da ita ba. Watau a daidai lokacin da gwajin yatsa ke cewa babu, a lokacin ne mutum ya fi saurin sa wa wani. Mutane da yawa sukan yi zazzaɓi da ciwon kai da ciwon maƙogwaro da ƙuraje makonni biyu zuwa huɗu bayan kamuwa. A ƙasa irin tamu, inda kusan kowane zazzaɓi ake ɗora wa cizon sauro, sai mutum ya je kantin magani ya sayi ƙwaya ya sha, zazzaɓin ya tafi don kansa, shi ke nan an wuce wurin. Waɗansu kuwa ba sa jin komai sam. Saboda haka alamun jiki ba su isa hujja ba, ko a kan akwai ko a kan babu. Wanda ya san ya shiga haɗari, wajibi ne ya ɗauki matakin kare iyalinsa, ya kuma guji ba da jini, har sai gwajin ƙarshe ya wanke shi.

Batun ba da jini yana buƙatar a tsaya a kansa. A asibitocinmu da yawa, in majiyyaci yana buƙatar ƙarin jini, 'yan'uwansa ake cewa su kawo, in babu kuma a nemo masu sayarwa a bakin ƙofa. Ana gwada jinin, gaskiya ne, amma gwaji ba zai ga abin da ke cikin kwanakin ɓuya ba. Shi ya sa tambayoyin da ake yi wa mai ba da jini suke da muhimmanci daidai da gwajin kansa. Wanda ya zo don kuɗi kuwa, ko wanda dangi suka tsare da ido, da wuya ya faɗi gaskiya. A 2021 aka kafa Hukumar Kula da Jini ta Ƙasa bisa doka. Muna fata gwamnatocin jihohi za su haɗa kai da ita wajen tara masu ba da jini na sa kai, waɗanda ke zuwa a kai a kai ana sanin lafiyarsu, da kuma sayen kayan gwaji masu gajerun kwanakin ɓuya domin ma'ajiyar jini.

Ta ɗaya gefen kuma, gwaji yana iya nuna akwai alhali babu, kuma a nan ma ana cutar da bayin Allah. Babban binciken da aka yi a dukan jihohin Nijeriya a 2018 ya nuna cewa kashi 1.4 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 49 ne ke ɗauke da ƙwayar, watau mutum 14 cikin kowane 1,000. Ɗalibai su ɗauki alƙalami mu yi lissafi. A ce an gwada mutum 1,000 da wani gwaji mai yin kuskure sau ɗaya cikin ɗari a kan masu lafiya. Mutum 14 masu cutar za su bayyana, amma cikin sauran 986 za a sami kamar mutum 10 da gwajin zai yi wa ƙage. Jimla mutum 24 ke nan aka ce an ga alama a jininsu, alhali 10 daga cikinsu lafiyarsu ƙalau. Wannan ne dalilin da ya sa ba a yanke hukunci da gwaji ɗaya. Ƙa'ida ita ce a sake gwadawa da wani kayan gwaji na dabam, har ma a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa a ƙasashen da cutar ba ta yi yawa ba, sai gwaji uku dabam dabam sun dace a jere kafin a shaida wa mutum cewa yana ɗauke da ita. Duk ɗakin gwajin da ya miƙa wa mutum takarda bisa gwaji ɗaya, har aka fasa aure ko aka sallami ma'aikaci a kanta, ya ɗauki alhaki mai nauyi.

Irin wannan hattara ake buƙata game da jarirai. Jaririn da mahaifiyarsa ke da cutar yana zuwa duniya ne da makaman kariyar uwarsa a cikin jininsa, kuma suna iya zama har wata 18. Gwajin yatsa zai iya nuna alama ko da yaron bai kamu ba. Don haka gwajin da ke neman ƙwayar ita kanta ake yi masa yana da kamar mako shida, a kuma sake bayan an yaye shi.

Har ila yau akwai waɗanda tsoro ya hana su yarda da sakamako mai kyau. Za ka ga mutum ya yi gwaji a wata na uku an ce babu, ya sake a na huɗu, ya sake a na shida, yana yawo daga wannan ɗakin gwaji zuwa wancan, albashinsa yana ƙarewa, aikinsa ko karatunsa yana lalacewa, duk ɗan ƙurjin da ya fito masa sai gabansa ya faɗi. Muna shaida wa irin waɗannan cewa in kwana 90 sun cika daga ranar haɗarin, ba a kuma sake shiga wani haɗari a tsakani ba, aka yi gwaji da kaya masu inganci aka ce babu, to babu ɗin ne. Abin da ya rage shi ne a gode wa Allah, a kiyaye gaba. In damuwar ta ƙi tafiya, ita ce ciwon da ya kamata a kai wa likita.

Kada tsoron ƙanjamau ya sa a manta da ciwon hanta, wanda ya fi ta yawa a ƙasar nan nesa ba kusa ba, ya kuma fi ta saurin yaɗuwa. In allura mai jinin majiyyaci ta soki mutum, haɗarin kamuwa da ƙanjamau wajen 3 ne cikin 1,000. Na ciwon hanta irin C wajen 2 ne cikin 100. Na irin B kuwa, ga wanda ba a yi wa rigakafi ba, yana kamawa daga 6 har zuwa 30 cikin 100. Ƙwayar irin B tana iya rayuwa a kan aska ko reza ko almakashi aƙalla kwana bakwai, abin da ya kamata wanzamai da masu yankan farce da masu kaciya su sani. Ita ma tana da nata lokutan guda biyu. Allurar rigakafinta ta fi amfani in an yi ta cikin awa 24 bayan haɗari, alamarta a jini kuwa takan bayyana ne bayan kamar mako huɗu, wani lokaci har mako tara. Irin C ba shi da allurar rigakafi, kuma makaman kariyarsa sukan ɗauki mako takwas zuwa sha ɗaya, wani lokaci har wata shida, amma yanzu akwai ƙwayoyin da ke warkar da shi sarai cikin mako takwas zuwa sha biyu. Tun 2004 aka shigar da rigakafin irin B cikin alluran jarirai a Nijeriya, wanda ke nufin galibin ma'aikatan gwamnati na yau an haife su kafin haka. Duk wanda bai tabbata an yi masa ba, ya je a gwada shi, in babu a yi masa.

Bisa ga duk abin da muka bayyana, ga shawarwarinmu. Na farko, ma'aikatun lafiya su wajabta cewa kowace takardar sakamako ta nuna irin gwajin da aka yi, da ranar da ya kamata a dawo, cikin Hausa da Turanci. Rubuta kalma ɗaya da buga hatimi bai wadatar ba. Na biyu, a ajiye maganin gaggawa a ɗakin karɓar marasa lafiya na kowane babban asibiti da asibitocin manyan makarantu, inda za a same shi dare da rana, har Asabar da Lahadi. Maganin da ke kulle a ofis, mai makulli kuwa ya tafi hutun ƙarshen mako, daidai yake da babu. Na uku, ma'aikacin gwaji ya tambayi kowa yaushe ne abin da yake tsoro ya faru, cikin sirri da mutuntawa, domin ba tare da wannan rana ba sakamakon ba shi da ma'auni. Dokar hana tsangwamar masu ɗauke da ƙanjamau ta 2014 ta haramta tona asirin mutum ba da yardarsa ba, kuma sai jama'a sun ga ana aiki da ita za su saki jiki su faɗi gaskiya.

Na huɗu ya shafi aure. A al'adarmu akan sami watanni tsakanin sa rana da ɗaurin aure. Me zai hana a yi gwaji sau biyu, ɗaya lokacin sa rana, ɗaya kuma gab da biki, da tazarar wata uku a tsakaninsu? Wannan ba zargi ba ne ga kowa, tun da ana iya kamuwa ta ƙarin jini ko allurar da ba a tsabtace ba. In an mai da shi ƙa'ida a kan kowa da kowa, da saurayi da budurwa, da bazawara da mai ƙarin aure, babu wanda zai ji an ware shi. Muna roƙon malamai da sarakuna su yi wa jama'a wannan bayani, gama maganarsu ta fi ta kowa shiga kunne.

Daga ƙarshe, wanda gwaji ya tabbatar yana da cutar kada ya yanke ƙauna. Tun 2016 Nijeriya ta ɗauki tsarin fara ba da magani da zarar an tabbatar da cutar, ba tare da jiran mutum ya kwanta ba. Mai shan maganinsa kullum yana iya yin tsawon rai yana aikinsa, ya yi aure ya haifi 'ya'ya masu lafiya, kuma in ƙwayar ta ragu har gwaji ya daina ganinta a jini, ba ya sa wa abokin zamansa ta hanyar saduwa. Sanin gaskiya da wuri shi ke kawo wannan sa'a.

Ma'aikata da ɗalibai su ne idon jama'a a garuruwa da ƙauyuka, su ake tambaya in an kawo takarda daga asibiti. Muna so su riƙe waɗannan lambobi biyu su kuma koya wa na baya: awa 72 domin magani, kwana 90 domin tabbaci. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.